Rangadin Tarihin Janar Gowon Daga Jos Zuwa Kanke: Inda Ya Gamsar Da Inda Ya Gaza

Akwai wasu matasa a Jos, yawancinsu waɗanda suka karanta tarihi a jami'a, da suka ɓullo da wata sana'a da ba a saba gani ba a garin nan. Ranar Asabar sukan ɗebi mutane a motar bas, su kai su wuraren da ke da alaƙa da rayuwar wani fitaccen mutum, suna yi musu bayani a hanya, sannan su dawo da su gida kafin magariba. Rangadin da ya fi jan jama'a shi ne na Janar Yakubu Gowon, wanda ya shugabanci Najeriya daga 1966 zuwa 1975, kuma shi ne na bi tare da 'ya'yana biyu da ke sakandare. Ra'ayina shi ne aikin ya cancanci kuɗinsa, musamman ga mai son yaransa su san yadda ɗan mai wa'azi daga ƙauye ya kai ga riƙe ƙasa yana ɗan shekara 31, amma matasan suna da wani rauni guda babba, wato tsoron faɗin abin da ba shi da daɗin ji, kuma wannan raunin ya rage wa aikin nasu daraja.

Ana kama kujera ne ta WhatsApp, a tura rabin kuɗi ta banki, a cika sauran da safe a bakin mota. Kuɗin ya kai kamar ninki biyu na abin da mutum zai kashe a motar haya zuwa Pankshin da dawowa, kuma ya haɗa da abincin rana da ruwan sha da wata 'yar takarda mai shafi huɗu ta taƙaitaccen tarihi. Motar tana da tsabta, tayoyinta ba su suɗe ba, direban kuma dattijo ne mai natsuwa wanda bai yi gudun wuce sa'a ba ko a inda hanya ta miƙe. An ce mana ƙarfe bakwai za a tashi, amma sai da takwas ta gota saboda jiran waɗanda suka makara, kuma wannan jinkirin ya biyo mu har yamma.

Bayani ya fara tun muna cikin gari. Jagorar tafiyar wata matashiya ce mai murya a sake, wadda Hausarta ta Jos ce tsantsa, tana kuma juyawa zuwa Turanci saboda baƙi biyu da ba su ji sosai. Da muka hau titin da ke ɗauke da sunan Gowon, sai ta tuna mana cewa a ranar 27 ga Mayu, 1967, shi ne ya rusa tsarin yankuna huɗu ya kafa jihohi 12, kuma a nan ne Jos ta zama babban birnin jihar Binuwai-Filato, ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda Joseph Gomwalk. Ta bayyana dalilin matakin yadda ya kamata. Ƙananan ƙabilun Arewa da na Gabas sun daɗe suna kukan cewa manyan ƙabilu sun danne su, kuma ta hanyar ba wa mutanen Ribas da na Kudu maso Gabas jihohinsu, Gowon ya raba Ojukwu, gwamnan soja na yankin Gabas, da goyon bayan yankunan da ke da man fetur da bakin teku, kwana uku kacal kafin a ayyana Biyafara. Yarana sun haddace adadin jihohin a makaranta, amma a motar nan ne suka fara jin abin da ya sa aka yi su. Da muka wuce Bukuru da Mararrabar Jama'a muka iso Heipang, ta nuna mana mashigar filin jirgin saman da aka raɗa wa sunansa, ba mu tsaya ba.

Inda matasan suka fi ƙwarewa shi ne labarin gida da makaranta, kuma tsakanin Barikin Ladi da Mangu aka ba da shi. An haifi Gowon ranar 19 ga Oktoba, 1934, a ƙauyen Lur da ke ƙaramar hukumar Kanke ta yanzu, cikin ƙabilar Ngas, wadda Hausawa suka fi sani da Angas. Shi ne na biyar a cikin 'ya'ya goma sha ɗaya na Nde Yohanna da Matwok Kurnyang. Tun yana ƙarami iyayensa suka tashi zuwa Wusasa a gefen birnin Zariya, inda mahaifinsa ya yi aikin wa'azi tare da mishan ɗin Cocin Angalika. Jagorar ta tsaya sosai a kan Wusasa, kuma ta yi daidai, domin wanda bai san Wusasa ba ba zai gane Gowon ba. Unguwa ce da mishan ɗin su Dakta Walter Miller ya koma a wajajen 1929 bayan ya fito daga cikin ganuwar Zariya, inda Kiristoci Hausawa da Fulani da mutanen tsaunukan Filato suka zauna tare, suna ibada da Hausa a cocin Saint Bartholomew da aka gina da ƙasa bisa fasalin ginin Hausa. A nan Gowon ya yi firamare, a nan harshensa ya karye da Hausar Zazzau, daga nan kuma ya wuce Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wadda yau ake kira Barewa.

Ta zagaya da wasu hotuna da aka lulluɓe da leda mai kauri, suna bi hannu-hannu daga kujerar gaba zuwa ta baya: hoton cocin Wusasa, hoton Gowon cikin kakin ƙaramin hafsa, da hoton ɗaurin aurensa. Wannan dabara mai sauƙi ta yi tasiri fiye da yadda na zata, domin na ga ɗana ya riƙe hoton ƙaramin hafsan ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko da gaske wannan siririn saurayin ne ya jagoranci yaƙi. Jagorar ta ƙara da cewa Barewa ita ce makarantar da ta faro a Katsina a 1921, wadda ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello da Shehu Shagari, kuma Murtala Muhammad ya biyo bayan Gowon a cikinta da 'yan shekaru. A makarantar an san Gowon da wasanni, yana tsaron gida a ƙwallon ƙafa, yana dambe, yana gudun dogon zango. Abin da ta fitar daga duk wannan ya gamsar da ni: ga mutum Ngas a jini, Kirista a addini, Bazazzage a tarbiyya, abokin karatun 'ya'yan sarakunan Arewa, kuma wannan haɗin ne ya sa a 1966 ya zama wanda sojojin Tsakiyar Najeriya da hafsoshin can Arewa za su iya yarda da shi a lokaci guda.

Tarihin aikin soja ma an kawo shi a tsare. Ya shiga soja a 1954, ya fara horo a Teshie ta ƙasar Gana, sannan aka tura shi Ingila inda ya yi makarantar horar da hafsoshi ta Sandhurst, kuma an lissafa zamansa hafsa daga ranar 19 ga Oktoba, 1955, ranar da ya cika shekara 21. Ya je Kwango sau biyu a rundunar wanzar da zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na farko a 1960 zuwa 1961, na biyu a 1963. Ya yi kwas ɗin manyan hafsoshi a Camberley a 1962, da wani a Latimer a 1965, duka a Ingila, kuma dawowarsa ke nan da 'yan kwanaki yana Laftanar Kanar aka yi juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966.

A nan ne wani fasinja ya ƙara wa tafiyar armashi. Tsohon soja ne mai furfura, sanye da hular sanyi, wanda jikarsa ta rako, kuma tun daga Jos bai ce uffan ba. Da jagorar ta ambaci kisan Firayim Minista da Sardauna ta nufi wucewa, sai ya ɗaga hannu ya ce, "'Yata, kada ki tsallake hafsoshin." Ta amsa da ladabi, "To Baba, bismillah, ka fi ni sani." Sai ya jero su ɗaya bayan ɗaya: Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Muhammad, Laftanar Kanar Abogo Largema, da Laftanar Kanar James Pam, ɗan ƙasar Jos ɗin nan. Ya ce da aka kashe waɗannan, Gowon ne ya rage a matsayin babban hafsa ɗan Arewa, shi ya sa Janar Ironsi, wanda ya karɓi mulki a lokacin, ya naɗa shi shugaban hafsoshin sojan ƙasa, shi ya sa kuma bayan juyin mulkin ramuwa na 29 ga Yuli mulki ya faɗo hannunsa a ranar 1 ga Agusta, alhali akwai waɗanda suka girme shi a muƙami, irin su Birgediya Ogundipe. Ya ƙara da cewa a kan wannan batun girman muƙami Ojukwu ya fara ƙin amincewa da shi. Na yaba wa jagorar da ta bar dattijon ya yi magana ba ta katse shi ba, ta kuma miƙa masa lasifikar hannun da take amfani da ita. Da matasan za su riƙa gayyatar irin waɗannan dattawa da gangan, suna ba su kujera kyauta, da sun ninka darajar rangadin ba tare da wani babban kashe kuɗi ba.

Mun wuce Panyam muka hau tudun Pankshin da hantsi ya yi nisa, iska mai sanyi tana shigowa ta taga. A nan aka ci abincin rana a wani gidan abinci da suka riga suka yi magana da shi: gwaten acca mai zafi da ganye, da dankalin turawa soyayye ga wanda ba ya son gwate. Abincin ya yi daɗi kuma ya ishi kowa, an kuma ba da lokacin sallar azahar ba tare da an roƙa ba.

Daga Pankshin aka gangara ƙasar Kanke. Wanda ke tsammanin ganin wani abin kallo na musamman zai iya jin an rage masa, domin abin da aka nuna mana ƙasa ce ta duwatsu da gonakin dawa da gero, da gidaje a gindin tsauni. Matasan ba su kai mu ƙofar gidan kowa ba, kuma na ga dacewar hakan, tunda iyali suna da haƙƙin a bar su da sirrinsu. Mun tsaya a inuwar wata bishiya, jagorar ta yi bayanin yadda ƙarancin ƙasar noma mai kyau a tsakanin duwatsu da zuwan makarantun mishan suka sa samarin Ngas da maƙwabtansu na Langtang suka yi yawa a aikin soja da ɗan sanda tun zamanin Turawa. Tsayuwar ba ta kai minti arba'in ba saboda makarar safe, kuma abin takaici ne a yi tafiyar sa'o'i don isa wuri sannan a bar shi a gurguje.

A hanyar dawowa aka shiga shekarun mulki. An ambaci taron sulhu da aka yi da Ojukwu a Aburi ta ƙasar Gana a Janairun 1967, da ɓarkewar yaƙi a ranar 6 ga Yuli na shekarar, da ƙarewarsa a ranar 15 ga Janairu, 1970, lokacin da Gowon ya shelanta cewa babu wanda ya yi nasara kuma babu wanda aka ci da yaƙi, ya kuma ƙi kafa kotun ramuwar gayya. An ambaci yadda ya fito da Cif Obafemi Awolowo daga kurkuku ya ba shi ma'aikatar kuɗi, da yadda Malam Aminu Kano da Joseph Tarka da Shehu Shagari suka yi aiki a majalisarsa. An kawo aurensa da Victoria Zakari, ma'aikaciyar jinya, a Legas cikin Afrilun 1969 ana tsakiyar yaƙi. An kawo komawa tuƙi ta hannun dama a 1972, da fitowar naira da kobo a ranar 1 ga Janairu, 1973, da kafa shirin yi wa ƙasa hidima a wannan shekarar, da yarjejeniyar Legas ta 28 ga Mayu, 1975 da ta haifi ƙungiyar ECOWAS, wadda shi da Gnassingbé Eyadéma na Togo suka yi wa ɗawainiya. Duk wannan gaskiya ne, kuma an faɗe shi da kyau.

Amma daga nan ne rangadin ya fara gurgunta. Wata ɗaliba da ke zaune a bayana ta tambayi abin da ya faru da 'yan ƙabilar Ibo mazauna Arewa a watannin Satumba da Oktoban 1966, sai jagorar ta ce lokaci ne mai wuya ga kowa, ta juya zuwa wani zance. Wannan amsar ba ta isa ba, balle a bakin mutumin Jos. An kashe dubban mutane a garuruwan Arewa a wancan lokacin, har da garin nan namu, kuma gudun da waɗanda suka tsira suka yi zuwa Gabas yana cikin manyan abubuwan da suka kai ƙasar ga yaƙi. Gowon ne shugaban ƙasa a lokacin, ko da yake ikonsa a kan sojojin bai gama kafuwa ba, kuma mai ba da tarihinsa dole ne ya faɗi duka biyun. Haka kuma ba a ce komai ba game da kisan fararen hula a Asaba cikin Oktoban 1967, ko yunwar da toshe hanyoyin shiga Biyafara ta jawo, wadda ta ci rayukan yara masu ɗimbin yawa. Sulhun 1970 abin yabo ne ƙwarai, amma yaron da bai ji girman ɓarnar ba ba zai gane girman sulhun ba.

Faɗuwar gwamnatin ma an ba da ita a jimla guda, wai an yi masa juyin mulki ranar 29 ga Yuli, 1975 yana taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kamfala. Ba a ce me ya jawo ba. Ba a ambaci jawabin 1 ga Oktoba, 1974 ba, inda ya janye alkawarin miƙa mulki ga farar hula a 1976. Ba a ambaci ƙidayar jama'a ta 1973 da ta tayar da ƙura har aka soke ta daga baya ba, ko ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti da suka toshe tashar Legas, ko hauhawar farashin da ta biyo bayan ƙarin albashin ma'aikata na kwamitin Udoji, ko zargin cin hanci da ya dabaibaye gwamnoninsa ya kuma ƙi sauya su, har binciken da aka yi bayan saukarsa ya wanke biyu kawai daga cikin goma sha biyu. Ba a ma faɗi cewa wanda ya sanar da juyin mulkin a rediyo shi ne Kanar Joseph Garba ba, ɗan Langtang, kwamandan rundunar da ke tsaron shugaban da kansa. Labarin shugaba da aka cire wa waɗannan tamkar tuwo ne ba miya, ana iya haɗiya amma ba a ƙoshi da shi.

Na fahimci abin da ke ɗaure musu harshe, musamman kan 1976. Bayan yunƙurin juyin mulkin Laftanar Kanar Buka Suka Dimka na 13 ga Fabrairu wanda ya yi sanadin rasuwar Janar Murtala, an harbe mutane da dama 'yan Filato, ciki har da Manjo Janar Iliya Bisalla da shi kansa Gomwalk, an kuma zargi Gowon da hannu, aka tuɓe masa muƙami yana Ingila, zargin da ya daɗe yana musantawa. Akwai gidaje a ƙasar Pankshin da Kanke da Mangu da har yau ba su warke daga wannan ba, akwai kuma masoyan Murtala a cikin motar da nasu ciwon. Matashiyar da ke neman abincinta ba za ta so ta ɓata wa kowane ɓangare rai ba. Duk da haka, wanda ya karɓi kuɗin mutane da sunan koyar da tarihi ya ɗauki amana, kuma ana iya faɗin abin da ya faru da ranarsa da sunayen waɗanda abin ya shafa cikin ladabi, ba tare da yanke wa kowa hukunci ba. Dattijon nan tsohon soja ya nuna cewa hakan mai yiwuwa ne, kuma babu wanda ya tashi daga kujerarsa don fushi.

Sashen ƙarshe na rayuwarsa sun dawo kan ƙwarewarsu. Mutumin da ya mulki ƙasa shekara tara ya koma aji a Jami'ar Warwick ta Ingila ya zauna cikin ɗalibai matasa, ya karanta kimiyyar siyasa har ya kai ga digirin digirgir. Shugaba Shagari ya yi masa afuwa a 1981, Janar Babangida ya mayar masa da muƙaminsa a 1987. Daga baya ya kafa cibiya mai sunansa, ya haɗa hannu da cibiyar Jimmy Carter suna shiga ƙauyuka don yaƙar kurkunu, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da ita a 2013. A Oktoban 2024 ya cika shekara 90. 'Yata, wadda ke son karatun likita, wannan sashen ne ya fi kama ta, domin ba ta taɓa jin sunan kurkunu ba sai ranar.

Akwai ƙananan gyare-gyare da ba su buƙatar dogon bayani. Lasifikar ta mutu bayan Mangu a hanyar dawowa, na kujerun baya suka daina ji, alhali batir na ajiya zai magance wannan. Takardar da aka raba da Turanci kawai aka buga ta, duk da cewa kusan dukan bayanin da Hausa aka yi shi, kuma babu taswirar hanya a jikinta. Mafi muhimmanci shi ne lokaci. Kowa ya san hanyar Mangu da Barikin Ladi ta sha fama da rikici a 'yan shekarun nan, akwai kuma shingayen jami'an tsaro da ke cin lokaci, saboda haka shigowa Jos bayan duhu ya fara ba abu ne da za a yi wasa da shi ba. Mu mun shigo ana kiran magariba. Ya kamata su tashi ƙarfe bakwai daidai ko da wani ya makara, su kuma faɗi haka tun ranar karɓar kuɗi.

Ga malaman makaranta da ke tunanin kai ɗalibai, ina ba da shawarar su je, amma su fara karantar da su abubuwan da suka faru daga 1966 zuwa 1970 da kuma na 1974 zuwa 1976 kafin ranar tafiya, su kuma gaya wa jagorar tun da wuri cewa za a yi tambayoyi a kan waɗannan shekarun domin ta shirya. A ɗauki rigar sanyi saboda Pankshin, ko da a watan zafi ne, a kuma nemi kujerar gaba ko ta tsakiya.